Akuyar da Anasara Ya Hana Aure

Ina shekara ta huɗu da fara koyarwa a kolej ɗin Dakoro aka kawo mana Anasara. Saurayi ne dogo, daga wata ƙasa mai sanyi ta Turai, cikin matasan nan da ke zuwa aikin sa kai na shekara biyu su koma. Shi lissafi yake koyarwa, ni Faransanci, kuma katanga ɗaya ta raba gidan da aka ba shi da namu. Da haka na zama uwar ɗakinsa ba tare da an nemi shawarata ba. In ruwan randa ya ƙare, Madam. In kunama ta shiga takalmi, Madam. Maigidana har ya daina ɗaga kai in ya ji kiran ta bayan katanga.

Yaron kirki ne, wannan kam ba zan rage mishi ba. Ciwonsa guda ne, yawo. Akwai taswirar duniya manne a bangon ɗakinsa, duk ya tsattsaga ta da jan bik, wato biro, ƙasashen da ya taka ke nan. Ko gaisuwa ka yi mishi sai ta ƙare a wani jirgin ƙasa da ya kwana uku a ciki, ko wani gari da ake cin ɗanyen kifi. Yana da kaye, wato littafin rubutu, na musamman da ya tsara tafiyar da zai yi in ya gama da mu: wata biyu a mota, ƙasa bayan ƙasa, har bakin teku. Ya fi kula da kayen nan a kan cikinsa.

Gardin kolej ɗinmu wani tsohon Bafillace ne daga wajen Tagriss. Fari ya cinye mishi shanu, ya shigo gari ya kama gadi, abin da ya rage mishi a duniya awaki huɗu ne. Baffa nake ce mishi, amma da yake kakata Babarbariya ce ba na raga mishi, kullum sai na tuna mishi cewa bawana ne. Shi kuma ya ce bai taɓa ganin ubangiji mai yawo da alli a hanci ba.

Wata rana da la'asar muna shan shayinsa a bakin ƙofa, Anasara na ba da labarin duwatsun ƙanƙara ina fassarawa, sai Baffa ya ce, "Madam, tambayar mini shi. Duk wannan yawon, wa yake bar wa dabbobinsa?"

Na tambaya. Anasara ya yi dariya ya ce ba shi da dabba.

"Ko tunkiya?"

Babu.

"Mahaifinsa fa?"

Shi ma babu.

Baffa ya daɗe yana juya shayi daga wannan kofi zuwa wancan. Can ya ce, "Allah sarki. Shi ya sa ba ya iya zama wuri ɗaya."

Washegari ya zo da jar akuya budurwa, irin ta Maraɗi, wadda ta fi kyau cikin huɗun. Habbanaye ya kawo. Ga wanda bai sani ba, haka makiyaya ke tayar da wanda ba shi da komai: a ba ka macen dabba ka riƙe, in ta haihu ƴaƴan naka ne, uwar kuma ka maida wa mai ita. Ba a rubutawa, ba a kiran shaida, kuma wanda ya bayar ba ya buɗe baki ya ce a maido.

Kafin mu shiga gidan Anasara, Baffa ya ja ni gefe. "Kada ki tsaya yi mishi dogon bayani kamar muna ciniki. Mai ilimi ne, ya ga duniya, ya san yadda ake yi."

Ni ma da wautata na yarda. Abin da na ce kawai shi ne, "Mushe, Baffa ya kawo maka akuya ka riƙe." Mushe muke ce wa malami namiji, kamar yadda ake ce mini Madam. Anasara ya rungume Baffa har rawaninsa ya karkace, ya ce a wata ƙasa an taɓa ba shi kyautar wuƙa, a wata hula, amma ba a taɓa ba shi abu mai rai ba. Na ji kalmar kyauta da kunnena, na yi shiru. Laifina ke nan, kuma na daɗe ina cin kaina a kansa.

Akuyar nan ta ga gata. Duk Lahadi wanka da sabulu mai ƙamshi. Da safe burodi, da marece biski daga butiki. Ya saya mata gidan sauro, ni da nake da ƴaƴa uku a gidan sauro ɗaya ina kallo ta kan katanga. Ta taɓa cinye takardun jarrabawar aji guda, bai ko daka mata tsawa ba, yara kuwa har yau wasu na yi mata addu'a.

Duk wannan da sauƙi. Masifar ta fara ne ranar da akuya ta fara neman namiji. Ta kama kuka tana kaɗa bindi, bunsuran unguwa kaf suka taru a gindin katanga. Anasara ya fito da tsintsiya. Ya toshe kowace kafa da langa-langa, ya ƙara wa ƙofa sakata, wanda ya yi ƙoƙarin haurowa ya sha takalmi.

Na ce, "Mushe, ka bar ta mana. Lokacinta ne."

Ya ce, "Yarinya ce, Madam. Kuma ba ki ji warinsu ba?"

Na ce, "Ai ba don ƙamshi ake neman su ba."

Bai saurare ni ba. Ya ce ya karanta cewa haihuwa na wahalar da dabba, kuma ba ya son a tara ƙanana da zai tafi ya bari. Duk bayan mako uku sai an yi wannan yaƙi, kuma kullum shi ke cin nasara.

A can gidan Baffa kuwa abubuwa na ta lalacewa. Cikin ukun da suka rage, ɗaya ta ci leda ta mutu da bazara. Ɗaya aka sayar lokacin da matarsa ta kwanta ciwo. Saura tsohuwa guda wadda nononta ba ya cika ludayi, ga jikoki biyu a gidan suna shan kunu baƙi. Akuyar da za ta tayar da shi tana gidan Anasara tana cin biski, kuma ba ta da hanyar dawowa sai ta haihu.

Kowace safiya a bakin ƙofa Baffa zai ce, "Mushe, ya akuya?" Anasara ya amsa da Hausarsa ta ƴan koyo, "Lafiya lau, ta yi ƙiba." Baffa ya ce madalla, sannan ya dube ni ta wutsiyar ido. Sau nawa na ce ya bar ni in faɗa. Amsarsa ba ta taɓa canzawa ba: "In kika faɗa, na zama mai roƙon abin da na bayar." Na zage shi zagin wasa, na zage shi na gaske, a banza. Haka muka ci shekara ɗaya da rabi, ina jin haushin su biyun, ina kuma jin tausayinsu.

Da hutun zango na biyu ya zo, Anasara ya shirya tafiya Agadas ta kwana goma sha biyu. Ya kawo mini makulli da takarda mai dokoki tara. Ta ƙarshen ya ja mata layi biyu da jan bik, ba sai na faɗi abin da ta ce ba.

Motarsa ba ta gama fita tasha ba na nufi gidan wani maƙwabcinmu mai fataucin dabbobi a kasuwar Ɗan Gulbi. Na ce ya ara mini bunsurun da ya fi kowane rashin kunya. Ya ba ni wani baƙi mai gemu, wanda warinsa ke riga shi shiga gida. Na ja shi da rana tsaka, ni malamar Faransanci da zanen fita, mata na leƙowa suna tambaya ko suna za a yi. Na buɗe ƙofar Anasara, na tura shi, na ce bismillah, na rufe. Maigidana ya ce, "Ke dai wata rana sai kin ja mana jandarma." Na ce su zo, zan ba su labari.

Kwana goma ango ya yi. Sauran kwana biyun na ƙare su a shara da wanki da turaren wuta. Da Anasara ya dawo ya tsaya tsakar gida yana shaƙar iska, ya ce, "Madam, kin gyara mini gida." Na ce ai maƙwabtaka ce.

Ana gab da babban hutu, saura kwanaki aikinsa ya ƙare, ya lura cikin akuya na girma. Hankalinsa ya tashi, ya ce leda ta ci. Ya yi hayar amalanke aka ɗora ta, ya tilasta mini binsa wurin likitan dabbobi don fassara. Likita ya shafa cikin sau biyu, ya miƙe ya ba shi hannu, ya ce, "Barka, Mushe. Nan da wata biyu da ƴan kwanaki."

Malamin lissafi ne. Na ga yana lanƙwasa yatsu yana komawa baya, har ya isa hutun Agadas, sannan ya juyo ya dube ni.

Ya yi haƙuri har muka fito titi. A nan ya fara, wai ya ba ni amana na ci. Kalmar amanar ce ta kwance mini kai. A gaban butiki, mutane na kallo, na zazzage mishi komai da Faransancin da ban taɓa sanin ina da shi ba. Na gaya mishi mene ne habbanaye, na gaya mishi akuyar ta wa ce, na gaya mishi abin da jikokin Baffa ke sha da safe yayin da shi yake yanka wa akuya burodi. Na ce ka zagaye duniya, amma gidan mutumin da ke buɗe maka ƙofa kullum ba ka taɓa leƙawa ba.

Ya zauna a bakin amalanke, fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Ya ce, "Shekara ɗaya da rabi?" Na ce ƙwarai. Ya ce to ranar kasuwa zai sayo awaki biyar ya kai mishi. Na ce in ka yi haka ka mare shi a gaban jama'a.

"To me zan yi, Madam?"

"Ka jira ta haihu a hannunka, ka kai mishi abinsa da kanka."

Wata biyun da za a jira su ne wata biyun tafiyarsa ta bakin teku. Ban ce ya fasa ba, ban kuma zaci zai fasa ba. Amma aka rufe kolej, malamai suka watse, Anasara na nan. Ya yi damina a Dakoro, sauro ya ci rabonsa, zazzaɓi ya kayar da shi sau ɗaya. Ya sayi lauje yana fita yankan ciyawa, manoma na tsayawa da aiki suna kallon yadda yake riƙe shi. Ya yaye akuya daga biski, ta yi fushi da shi kwana huɗu. Da la'asar ya je wurin Baffa su sha shayi. Bai ce ya sani ba, Baffa ma bai tambaye shi abin da ya hana shi tafiya ba.

Da hantsi ta haihu, ƴa mace guda, ja kamar uwarta. Akuyar ba ta nemi taimakon kowa ba. Anasara ne sai da na ba shi ruwa na zaunar da shi a inuwa.

Ba shi da lokacin jiran yaye, jirginsa ya matso. Bayan mako uku ya ja uwar da igiya, ya rungumi ƴar a ƙirji, na bi shi a baya har gidan Baffa. Ya miƙa igiyar da hannu biyu ya ce, "Baffa, ga akuyarka. Na gode." Baffa ya duba haƙoranta, ya duba hantsarta, ya ce an lalata ta da ƙiba. Sai Anasara ya miƙa ƙaramar. "Wannan tawa ce. Habbanaye."

Baffa ya ja rawani ya rufe bakinsa. Ya karɓa, sannan ya ce, "Ina zan maido maka ita?"

"Nan. Zan dawo."

Wasiƙa biyu ya aiko, daga ƙasashe biyu dabam, daga nan shiru. Wadda na aika ta ƙarshe ta dawo mini ba a buɗe ba. Ba na cewa mugu ne, amma na ji haushinsa, har yanzu ma ina ji.

Ƴar akuyar nan ta yi albarka, ita da uwarta suka cika wa Baffa turke. Ya sayar da wasu, ya yanka wasu da layya, ita kam bai taɓa ta ba, har haƙoranta suka zube yana jiƙa mata dusa. Shekaru sun ja, na bar kolej, shi ma ya bar gadi. Wata rana da azahar sai ga shi a ƙofar gidana da sanda, ya rusuna, ɗauke da jar fata a naɗe. Haka suke yi: in dabbar wani ta mutu a hannunka, sai ka nuna mishi fatar, ya san ba sayarwa ka yi ba.

Ya ce, "Madam, ki rubuta mishi. Ki ce tsufa ne, ba sakaci ba."

Ba ni da inda zan aika. Na buɗe baki in faɗa, na dubi fuskarsa, na shiga ɗaki na ɗauko takarda da bik. Na rubuta yana kallo, na karanta mishi da Hausa, ya gyara mini wuri ɗaya, na liƙe ambulan a gabansa. Har Baffa ya rasu yana tambayata ko amsa ta zo, ni kuma ina ce mishi hanyar ce da nisa.