Baba Mai Zuma da Murhu Mai Cajin Waya

Babanmu kiwon zuma yake yi, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da shi a mota ba ya bukatar a gaya masa. Ƙanshin hayaƙi da kakin zuma ya kama jikinsa tun kafin a haife ni. An wanke rigunansa da kowane irin sabulu, an shanya, an goge, amma da ka buɗe jakarsa sai ka rantse wani ya hura wuta a ciki. A unguwa ba mai kiran sunansa, Mai Zuma ake ce masa, har jikokinsa. Ni ce autarsa, ɗinki nake yi a ɗakin da ke bakin ƙofar gidanmu, saboda haka fitarsa da shigarsa duk a kan idona suke.

Akwatunan zumarsa talatin da biyu ne. Suna can cikin wani kwari mai duhuwar itatuwa, tafiyar awa uku a mota, sannan a sauka a taka kusan awa guda. Yana da bukka a wurin, da randa, da gadon katako da ya haɗa da hannunsa. Idan lokacin ɗiba ya yi, yakan kwana goma bai leƙo gida ba. Shekara arba'in ke nan yana wannan zirga-zirga, da ita ya ciyar da mu, da ita ya kai yayata makaranta har ta zama ma'aikaciyar jinya.

Idan ka tambaye shi sirrin sana'ar, ba zai yi maka zancen ƙudan zuma ba, zancen wuta zai yi. Ƙudan zuma da hayaƙi ake lallashinsu kafin a buɗe akwati, kuma hayaƙin dole ya zama mai kauri, mai sanyi. Da zarar wuta ta yi harshe, zafi ya taɓa su, sai su fusata su yi wa mutum ca. Saboda haka Baba ya ƙware a wutar da ke ci a ƙasa-ƙasa. Ruɓaɓɓen itace yake nema, da ɓawo mai ɗan laima, ya danna su cikin gwangwanin hayaƙinsa, ya rufe da ɗanyen ganye. Wutarsa takan wuni tana turnuƙewa ba ta mutu ba, ba ta kuma tashi ba. Yana alfahari da cewa tun da yake bai taɓa ƙona ko ciyawa ɗaya a kwarin nan ba. Ko a gida, in ya wuce ta madafa ya ga wuta tana ci bal-bal, sai ya tsaya ya janye itace biyu, a yi ta faɗa da shi, ko a jikinsa.

Bara waccan ya zame a kan dutse ya karya ƙugu. Kwana ɗaya da wuni ya yi a kwance a wurin, wayarsa ba caji, sai da wani makiyayi ya tsince shi. A asibitin da Yaya ke aiki aka kwantar da shi. Da ya warke ya fara ɗingisawa, abin da ya fara nema shi ne gwangwanin hayaƙinsa. Yaya ta yi tsalle ta dire, ta ce ba inda za shi. Akwai wani mai gonar lemo da ya daɗe yana son sayen akwatunan, ta ce a sayar masa, Baba ya zauna ya huta. Su biyun taurin kansu ɗaya, sai da suka yi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa su.

A ƙarshe suka yi yarjejeniya a tsakar gida, ni ce shaida. Zai koma gun zumarsa, amma kullum kafin rana ta faɗi zai hau kan dutsen da ake samun sabis ya kira ta, da wayarsa, da muryarsa. Ranar da aka yi kwana uku a jere ba ta ji shi ba, akwatunan sun zama na mai gonar lemo. Baba ya ce ya yarda. Mu da muka san shi mun san an gama, domin bai taɓa faɗin magana ya janye ba, ko da ita za ta cutar da shi.

Sai matsalar caji ta taso. Mun saya masa fawa bank, batirin nan na ajiye caji, ya yi kwana uku ya mutu, Baba ya dawo gida da rabin aiki yana huci. Mun gwada ƙaramar sola, amma kwarin nan rana ba ta shiga sai tsakiyar wuni, ga gajimare a lokacin ɗiba. Rannan sai ga shi ya shigo da kwali a hammata, yana murmushin wanda ya tsinci dami. A wani shagon kayan matafiya ya gan shi. Ɗan murhu ne na ƙarfe, bai fi butar shayi girma ba, da wani akwati manne a gefensa mai juya zafin wuta ya koma lantarki, da ramin da ake soka igiyar caji. Kuɗinsa ya kai na zumar akwati huɗu.

Na ce masa an damfare shi. Yaya ta ce kayan wasan masu kuɗi ne da ke zuwa daji shan iska. Har mai gyaran waya na bakin titi ya jujjuya shi, ya taɓe baki, ya ce cajin da zai bayar bai taka kara ya karya ba. Baba ya bar mu muka gama, sannan ya ce mai shagon ya tabbatar masa cewa muddin wuta na ci, waya na shan caji. Itace kuwa ba abin da ya fi shi yawa a kwarin, wuta kuma ba wanda zai koya masa ita. Na ce a gwada a gida tukuna, ya ce shi ba yaro ba ne. Takardar bayanin da ke cikin kwalin ma ya ba ni ita, wai in yi awon riga da bayanta.

Kwana huɗun farko ya kira da cajin da ya tafi da shi. Rana ta biyar shiru. Ta shida shiru. Da safiyar ta bakwai Yaya ta zo ɗakin ɗinkina da kayan aiki a jikinta, idanunta sun faɗa. Ba za ta iya barin marasa lafiya ba, ta ce in je in gani, in kuma yana da rai in taho da shi da kayansa gaba ɗaya. Na rufe keken ɗinki, na ɗauki fawa bank ɗina, na zaro takardar nan daga ƙarƙashin yadi, na kama hanya. A mota ban iya ko shan ruwa ba saboda tsoro.

Tun daga nesa na hango hayaƙi yana tashi a hankali daga bakin bukka, na san yana raye. Sai tsoron ya juye ya zama haushi. Na same shi zaune a kan kututture, lafiyarsa ƙalau, ya tasa murhun a gaba yana hararar sa. Murhun ya yi baƙi ƙirin. Ya cika shi da ruɓaɓɓen itace ya danna, ya ɗora ɗanyen ganye, ya kuma rufe bakin da faffaɗan dutse. Wayar tana gefe a soke, a mace.

"Kwana biyu wutar nan ba ta mutu ba," in ji shi, ko gaisuwa bai bari mun gama ba. "Ko sau ɗaya. Amma shegen bai ba ni ko ɗigo ba."

Na zauna na karanta takardar, na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Abin da murhun yake so shi ne duk abin da Baba ya shekara arba'in yana hanawa. Ƙirare yake so busassu ƙayau, sirara kamar yatsa, baki a buɗe, wuta mai harshe da zafi, a riƙa ƙara mata kowane ɗan lokaci. Sai ya yi zafi sosai wata 'yar fanka ta ciki za ta tashi, sannan caji ya fara. Na karanta masa. Ya ce wutar da ke cinye itace cikin minti biyar ai wutar sakarai ce. Na ce to murhun sakarai ya saya.

Rana ta riga ta karkata, ga shi yau ne kwana na uku da Yaya ba ta ji shi ba. Na fito da fawa bank na ce ya soka, minti goma ya isa ya kira, Yaya ba za ta taɓa sani ba. Ina son ya ci gaba da zuwa wurin nan, domin na ga yadda ya koma a watannin da ya zauna a gida, kamar tsohuwar riga a rataye. Ya dubi fawa bank ɗin ya daɗe, sannan ya ture hannuna.

"Gobe kina nan? In abin nan ba zai iya ba, gara in sani yau. Ba zan riƙe zuma da ƙarya ba."

Ya ɗauki murhun ya kai shi can kan fili, nesa da akwatunan, ya share ganyen da ke kewaye har sai da ƙasa ta fito. Ya zazzage tokar, ya kankare baƙin da wuƙa. Muka shiga kakkarya ƙirare. Da ya kunna, wutar ta tashi da harshe, na ga kafaɗarsa ta motsa. Sau biyu hannunsa yana kai wa ɗanyen ganye ba da saninsa ba, ina buge hannun. A karo na uku da kansa ya tura hannun hagun ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kai, ya ci gaba da ƙara ƙirare da na dama. Can sai muka ji fankar ta fara kuka siriri, wutar ta miƙe tana huci, wata 'yar fitila ta kama a jikin akwatin.

Ina zaune ina kallo ina yi wa murhun hisabi. Duk wanda ke da lantarki a gida, ko rana a fili, ya saye shi ya yi asarar kuɗinsa. Ci gare shi kamar ba gobe, ba ya barin mutum ya matsa ko nan da can, cajin kuma tafiyar hawainiya yake yi. Mai gyaran waya bai yi ƙarya ba. Amma a kwarin nan ba lantarki, ba rana, sai ƙirare da tsoho mai taurin kai, kuma su biyun ba sa ƙarewa. Sai da muka yi kusan awa guda wayar ta yi ƙyaf ta farka. Muka ƙara rabin awa ta kai kashi huɗu. Inuwa ta riga ta cinye kwarin, rana ta rage a kan duwatsu kawai.

Ya kashe wutar da ƙasa, ya taka ta sau uku, sannan muka kama hawa. Na miƙa masa hannu ya ƙi. Yana ɗingishi yana haki, ya kai saman dutsen rana tana dab da nutsewa. Ko ƙara ɗaya wayar ba ta gama ba Yaya ta ɗauka. Ya sa ta a bayyane don in ji.

"Ni ne," in ji shi. "Da wayata. Wuta ce ta yi cajin, ga Auta nan ki tambaye ta."

Na ce gaskiya ne, na ba shi fawa bank ɗina ya ƙi. Da Yaya ta yi magana muryarta ba irin ta asibiti ba ce.

"Akwatunanka suna nan, Baba, ba wanda zai taɓa su. Ni ba zumar nake ƙi ba. Kwana biyun nan duk motar da ta tsaya a ƙofar asibiti, sai na bar abin da nake yi na fita in ga ko kai aka kawo."

Baba ya buɗe baki zai amsa, wayar ta mutu a hannunsa. Ya tsaya yana kallonta. Tausayinsu su biyun ya kama ni har na kau da kai. Na ce ya karɓi tawa ya ƙarasa, ya girgiza kai. Ya sa wayar a aljihu ya fara sauka, yana tsintar busassun ƙirare a hanya yana cusawa a hammata. Na ce masa ai sharaɗi ya cika, ya bari sai gobe.

"Sharaɗi ya cika," in ji shi. "Amma ban gama magana da yayarki ba."