Na Ce Wuta Ce, Alhali Ni Na Goge Waƙoƙin Baba

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce 'yar Makera, fitowata ke nan daga wata makarantar koyon kwamfuta ta wata shida, ina aiki a wani shagon buga takardu a Kakuri. Kaina a kumbure yake. Kaf layinmu injiniya ake ce mini, duk wanda wayarsa ta rikice gidanmu yake nufa, ni kuwa ban taɓa buɗe baki na ce ban sani ba. Ina roƙon a sakaya sunana, don mutanen da na zalunta har yau kallon 'yar albarka suke yi mini, kuma wannan kallon ne ya hana ni sakat.

Katangarmu ɗaya da wani dattijo Kirista, mutumin Filato, wanda suka yi aikin masaƙa tare da mahaifina har aka rufe ta. Baba muke ce masa, matarsa kuma Mama, a tsakar gidansu na yi rarrafe. Da aiki ya ƙare, sai Baba ya ɗora wa kansa wani aikin da ba wanda ya sa shi, wato rubuta waƙoƙin yarensu, na noma da na biki da na makoki. Yaren ƙarami ne, 'ya'yan da aka haifa a Kaduna kuwa Hausa da Turanci kawai suke ji. Yakan tafi ƙauye ya zauna gaban tsofaffi yana rubutawa a littafi, in ya dawo ya buga da yatsa biyu a tsohuwar kwamfutarsa ta tebur. Wata damina ruwa ya shiga ɗakinsa ya jiƙa littattafan, gara ta ƙarasa sauran. Tsofaffin da suka rera masa kuma akasarinsu sun kwanta dama. Ya zamana aikin shekaru masu yawa ba shi a ko'ina sai cikin wannan akwatin.

Autarsa ce ta jawo maganar. Tana neman aiki, shafukan da ake cike fom kuwa sun daina buɗewa a kwamfutar saboda babbar manhajar da ke tafiyar da ita ta tsufa. Sabuwa take so. Baba ya ce atabau, domin abin da yake rubutu da shi, mai haruffan yarensu, a tsohuwar kaɗai yake aiki. Da aka kira ni sai na ce ai wannan ba abin gardama ba ne, zan raba musu faifan ajiyar gida biyu kamar ɗaki biyu a gida ɗaya, kowa da nasa, in an kunna ta tambaya wanne za a shiga. Sau ɗaya tak na ga malami ya yi a aji. Baba ya cire tabarau ya dube ni, ya tambaya ko aikinsa zai taɓu. Dariya na yi, wallahi dariya, na ce ya kwantar da hankalinsa, ko ƙwayar harafi ba za ta motsa ba. Ya ce to, tunda ni da ya ɗauka 'yarsa ce na faɗa, ya yarda.

Ranar Asabar da hantsi na zauna a falonsu. Na san ƙa'ida ce a kwafe komai a waje kafin a taɓa faifai, an koya mana. Amma na manta filas ɗina da nake kwafe bayanai a ciki a shago, kuma ƙyuyar hawa keke zuwa Kakuri ta kama ni, sai na ce ai minti nawa ne. Wurin rabon na ga wani ɗan ƙaramin ɓangare da ban san amfaninsa ba, na ɗauka wofi ne, na share shi don in sami fili. Na ɗora sabuwar, na kashe, na kunna. Babu tambayar wanne za a shiga, babu tsohuwa, babu sabuwa. Baƙin allo ne kawai da layi ɗaya na Turanci yana cewa ba a ga abin da za a tashi da shi ba. Na kashe na kunna ya fi sau ashirin. Na shiga saitin can ciki na jujjuya abin da za ta fara nema, na zare waya na mayar, har hura ƙura na yi kamar mai gyaran rediyo. Zufa ta jiƙa mini hijabi, Mama kuwa tana ta kawo mini kunu tana cewa in huta, sannu da ƙoƙari.

Akwai wani Malam mai gyara a kasuwar Kakuri, kowa ya san hannunsa. Autar ma sai da ta ambace shi. Amma ya taɓa faɗa a gabana cewa mu 'yan wata shida buga takarda kawai muka iya, maganar ta tsaya mini a wuya. In ɗauki akwatin Baba in kai masa, ya yi mini wannan murmushin nasa? Na ce a raina ko mutuwa zan yi. Kwana biyu ina fama, Baba yana leƙowa, ya tsaya a bakin ƙofa ya koma. A rana ta uku na gaya wa kaina cewa aikin ya riga ya tafi, abin da ya rage shi ne kada in fita da kunya. Na sa faifan ɗora sabuwar manhajar, kwamfutar ta tambaye ni ko in share komai, ta ma sake gargaɗina. Da hannuna na danna. Kwamfuta ta tashi fes da sabuwar manhaja, autar tana murna.

Sannan na shirya ƙarya. Na ce wa Baba ranar da na fara aikin an kawo wuta da ƙarfi, ita ta ƙona ɓangaren da rubutunsa yake, da ƙyar na ceto sauran. Wa zai musa wannan a garin nan? Ya zauna a kujera ya daɗe yana kallon allon. Na ɗauka zai yi faɗa, da ma ya yi. Sai ya ce kada in sa a raina, abin da Allah ya yi daidai ne, ya ga irin wahalar da na sha. Har gida ya bi ni ya gaya wa mahaifina ya yi mini godiya. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, ni nawa bai ƙure ba, kuma wannan ita ce azabar.

Ya sayi sabon littafi ya soma rubutawa daga ka. Kullum in zan wuce aiki ina ganinsa a dakali yana rera baiti ɗaya ko biyu, sai ya tsaya, ya dafe goshi, ya koma farko. In ya gan ni ya ɗaga hannu ya ce 'yata, a dawo lafiya. Na koma bin bayan layi don kada mu haɗu.

Bayan kamar shekara biyu mai shagonmu ya aike ni wurin Malam ɗin nan. Ina tsaye wani ya kawo kwamfuta, aka kunna, sai ga baƙin allon nan da layin nan, sak irin na Baba. Malam ko a jikinsa, ya sa filas, ya buga 'yan layuka, kafin in gama gyara tsayuwa manhaja biyu sun bayyana suna jiran a zaɓa. Na tambaye shi ko kayan ciki ba su lalace ba. Ya ce me zai lalata su? Ɗakunan suna nan da kayansu, mabuɗin ƙofar gida ne kawai ya ɓace. Ya ƙara da cewa ko gyaran ya gagara, ai sai a cire faifan a jona shi a wata kwamfutar a kwashe komai, abin da ba a yi shi ne sharewa. Ashe kwana ukun nan duka waƙoƙin Baba suna zaune lafiya lau suna jirana, ni ce na kashe su don kada wani ya yi mini dariya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na ji shi a wuyana ranar.

Na sake yin wata ƙaryar, na ce wa Baba zan kai kwamfutarsa a wanke. Na kai wa Malam, na gaya masa gaskiya, shi kaɗai ne ya sani. Bai yi murmushin da nake tsoro ba, ya dai girgiza kai. Ya yi iya yinsa, amma shekara biyu autar tana ajiya a kai, sababbin kaya sun hau kan tsofaffin. Abin da ya fito wasu tsofaffin hotuna ne da rabin shafi na haruffa a hargitse.

Baba ya rasu bara. Na je gaisuwa, na tarar da mutanen garinsu sun taru a tsakar gida, tsofaffin mata suka ɗauko waƙar makokin da aka ce shi ya fi so. Sun yi nisa kaɗan sai muryoyi suka soma zubewa ɗaya bayan ɗaya, har aka yi tsit. Wata ta tambaya wa ya san ci gaban. Mama ta ce ai yana cikin abin da wuta ta ƙona.

Don haka nake kira ga duk wanda aka damƙa wa kwamfutar wani, ku ji tsoron Allah. Kada ku taɓa faifai sai kun kwafe abin da ke ciki, ko da za ku je Kakuri a ƙafa. In ta ƙi tashi, ku cire hannunku, baƙin allo ba mutuwa ba ce. Kada ku share abin da ba ku san amfaninsa ba, kuma ku iya cewa ban sani ba, matambayi ba ya ɓata. Girman kaina bai ci ni ni kaɗai ba, ya ci bakin mutanen da ban taɓa gani ba.

Bayan kwana arba'in da rasuwar Baba, Mama ta aiko autar da kwamfutar. Ta ce Baba ya bar wasiyya a ba ni, wai ni ce na fi kowa shan wahala a kanta. Tana nan a ƙarƙashin gadona na lulluɓe ta da zane, ban taɓa kunna ta ba. Mama kuwa har yau ban iya gaya mata ba, kuma jiya ma sai da ta aiko mini da kunu.