Yashin Mae Bunrot

Littafin tarihin da aka koya mana a makaranta ya ƙirga sarakuna da giwayen yaƙi, ya faɗi yadda rundunar ƙasar Bama ta ƙone birnin Ayuttaya na ƙasar Siyam, amma ko sunan Mae Bunrot bai ambata ba. Abin haushi! To, ni jininta ce, kuma zan faɗa.

Mai sayar da busasshen kifi ce. A garinsu Ayuttaya, duk wanda ya shiga gidan ibada yakan fito da yashin farfajiyar manne a ƙafa, don haka kowace sabuwar shekara sai a ɗebo yashi a rafi a mayar, a gina 'yar hasumiya da shi. Abin gidan ibada ba ya dawwama a hannun mutum.

A farfajiyar nan aka kama ta, birni na ci da wuta. Wasu na haɗiye zobba don kada a ƙwace, ita kuwa ta durƙusa ta kankare yashin ƙafarta, ta ƙulle a bakin zane. Haka aka koro su a ƙasa, ta daji da duwatsu, har birnin Awa na ƙasar Bama. Ƙaramar 'yarta ta mutu a hanya. Ƙullin bai kwance ba.

Wani soja mai gadinsu, Nga Pyu, ya sa wa ƙullin ido. Ran nan ya fizge.

“Iya, zinariya kike ɓoye mana? Kai! Yashi? Mu a nan an ce miki ba mu da shi?”

“Ɗan nan, naku naku ne. Wannan ba nawa ba ne, balle naka. Mayarwa zan yi.”

“Ina? Gidan ibadar ya zama toka. Ni na ga faɗuwar rufinsa.”

“Ka ga rufi. Ka taɓa ganin yashi ya ƙone?”

Ya miƙa mata abinta.

Shekaru suka shige, hanyar gida ba ta buɗe ba, ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Ta san da ƙullin nan za ta mutu in ba ta yi wani abu ba. Da sabuwar shekara ta zo, ta ja jiki zuwa bakin kogin Irawadi, ta shiga tara yashi da tafin hannu. 'Yan'uwanta kamammu suka gane, suka zo suna kuka suna tarawa. Nga Pyu, shi ma furfura ta fito masa, ya iso da kwando a ka.

“Iya, ina zan zuba?”

“Nan, sarkin ƙone-ƙone. A hankali!”

Da hasumiyar ta fi tsawon mutum, aka ɗaga tsohuwar sama. Ta kwance ƙullin, ta zazzage a ƙoli, ta kakkaɓe zanenta.

“Tunda ban iya zuwa ba, gidan ibadar ya zo. Na mayar.”

Har gobe muna gina ta duk shekara a unguwarmu, nan ƙasar Bama. Yara na tsalle a kai da takalmi, ina kora su da tsintsiya.