Tsohuwar Si Munsif Ma Ta Samu Rabonta

Kafin mai shayi ya ɗora buta, Madam Najiba, mai kula da kwamfutocin jami'armu, ta riga ta zaga ofisoshin tsangayarmu a birnin Safakis, tana yaye ƙyallayen da muke lulluɓe kwamfutoci da su. Mu a ganinmu kariya ce daga ƙura. Ita kuwa cewa take yi, "Ku ma a rufe ku da bargo cikin zafin watan Yuli, mu ga ko za ku iya lissafi."

Daga nan sai ta zauna gaban kundin sunayen da ta tsara, wanda ya sa kowace na'ura ka shigar da sunanka za ta gane ka. An sha matsa mata ta zuba makin jarrabawa a ciki, ta ƙi. "Wannan mai gadi ne," in ji ta. "Aikinsa ya san wane ne kai, da ƙofar da za ka shiga. Abin da ke canzawa kullum a kai shi rumbun bayanai." A wannan watan take ajiye aiki, kuma ba na ɓoye cewa raina ba daɗi.

Wata shekara muna da ɗaliba, Olfa, mai lissafin yadda ruwan teku ke kutsawa rijiyoyin ƙauyensu. Kwamfuta ɗaya sai ta shekara ba ta gama ba, ga wa'adin digirinta na cika a Satumba. In ba ta miƙa ba, an sallame ta ke nan.

Najiba ta bi mu ofis-ofis tana aron kwamfutocinmu na hutun Agusta, kamar mai aron tukwanen biki. Ta haɗa su aikin gayya: kowace ta ɗau yanki, in duk sun gama su haɗa sakamako, su shiga zagaye na gaba. Shugaban sashe, Si Munsif, ya amince, amma da sharaɗin tsohuwar kwamfutarsa ma ta shiga. To, kowane zagaye sai an jira ta.

"Madam, don Allah a cire ta," in ji Olfa, ido jawur. "Sauran sun gama suna hamma, ita tana nishi."

"In cire, gobe ya leƙo ya ga fitilarta a mace, ya kwashe na sashensa kaf? Kin manta halinsa?"

"To, in zauna a kore ni?"

"Sha shayinki, 'yata. Laifina ne da na yi musu rabo daidai."

Ta sake yanka aikin. Sababbin ta ɗora musu manyan kaya, tsohuwar ta ba ta loma ɗaya, duk suka riƙa gamawa tare. Olfa ta miƙa a kan lokaci, yau Dakta ake kiranta. Si Munsif kuwa ya yi shekaru yana cika baki cewa tsohuwarsa ce ta ceci yarinyar, mu kuma muna ƙunshe dariya.

A walimar bankwana da aka yi wa Najiba makon jiya ya miƙe, yana dogara sanda.

"Kun ɗauka ban sani ba, ko? 'Yan nema. Abin da ke gurnani kamar injin niƙa, sai na ji ya yi tsit. Na san an rage mata kaya, amma ba a fitar da ita ba." Ya juya wurin Najiba. "Ni ma na daɗe da barin aiki, 'yata. Amma har yau in na shigar da sunana, na'ura tana ce min sannu da zuwa."

Najiba ta sunkuyar da kai, babu wanda ya yi dariya.

Ke ce mai raba kaya da sanin ƙarfin kowa, Madam Najiba. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai albarka. Ku kuma da za ku gaji kujerarta, duk ranar da wani ya kasa tafiya da saurinku, ku duba kayan da kuka ɗora masa kafin ku goge sunansa.