Birkin da Muka Haɗa Ni da Lawali

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Lawali, makaniken da garejinsa ke bayan tashar jirgin ƙasa a Kaura Namoda. Ni ne mai injin sassaƙa ƙarfe a shagon da ke jikin nasa. Tare muka tashi, tare muke cin abincin rana, kuma ina zaune a gefensa ajali ya same shi.

Wani ɗan kasuwar hatsi ne ya sayo wata ƙaramar mota daga Kwatano, shuɗiya, mai ƙofa biyu, irin ta tsere, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Da ya ga ko buhu ɗaya ba ta ɗauka, sai ya sayar wa Lawali. Gudu kam tana da shi, amma birkinta ya gaji. Lawali ya ce ba zai hau titi da ita ba sai ranar da tsayawarta ta kai gudunta.

Ya ƙi mayar mata da irin birkinta na asali. Ya je Gusau ya samo faifan birki mai faɗi na wata babbar mota, da kalifa, wato abin da ke damƙe faifan idan an taka. Aka gwada, suka ƙi zama. Nan aikina ya shigo, ni zan sassaƙa ƙarfen da zai riƙe kalifar a mazauninta. Sau huɗu ina yi yana dawo mini da shi. "Maƙeri," haka yake kirana, "wanga ramin ya kauce kamar silin gashi. Sake." Ya canza bututun man birki, ya sa tayoyi masu faɗi. Damina guda muka cinye a kan motar nan, direbobin tasha na wucewa suna yi mana dariya.

Bayan an yanke gero, ran kasuwar Shinkafi da hantsi, muka fita gwaji. A hanya muka wuce wata babbar mota maƙare da buhuna, muka koma gabanta. Dab da Badarawa sai ga wani tsoho ya fito kan kwalta, yana kora jakinsa da kayan kara. Lawali ya taka birki. Goshina ya kusa dukan gilashi. Motar ta tsaya cak, ba ta karkace ba, tsakaninmu da tsohon bai fi taku biyu ba. Lawali ya juyo yana dariya, ya ce, "Maƙeri, ka gani?"

Ban kai ga amsawa ba. Babbar motar nan da muka wuce ta kasa tsayawa. Direbanta ya yi ƙoƙarin kaucewa, sai ya haye motarmu ta ɓangaren Lawali. A asibiti na farfaɗo da karyayyar kafaɗa, an riga an yi masa sutura.

Babu wanda ya taɓa ɗora mini laifi. Mahaifiyarsa da kanta ta ce in daina kuka, kwanansa ne ya ƙare, kuma na yarda da haka. Amma har yau idan na tayar da injina, dariyar nan nake ji. Mun shafe watanni muna auna yadda motarmu za ta tsaya, a cikinmu ba wanda ya tuna da mai biye da mu. Sai in ce da mun bar tsohon birkin, da yana nan. Can kuma sai in tuna da tsohon da za mu take.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga hanyar nan a yau. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankinmu, direban da ya tashi daga Kaura zuwa Shinkafi ko Zurmi addu'arsa ɗaya ce, kada wani abu ya tsayar da shi. Da ya rage gudu fasinjoji za su fara cewa, "Direba, mi ya faru? Ka taka!" Masu kawo gyara yanzu ƙarfin inji suke nema. Ina jin da Lawali na raye zai yi musu aikin, ba zai musa ba, amma sai ya leƙa ƙarƙashin motar ya duba birkin tukuna, ko mai motar ya so ko bai so ba.

Watan jiya wani magidanci ya tsaya a ƙofar shagona, ya yi sallama, ya tambaya ko ni ne abokin mai shuɗiyar mota. Ya ce shi ɗan tsohon nan ne mai jaki. Mahaifinsu ya rasu a kan shimfiɗarsa, bayan ya aurar da jikoki uku, ya ga 'ya'yansu. Ya ce tsohon bai taɓa idar da salla ba tare da ya ambaci Lawali ba, kuma ya bar musu wasiyya su ci gaba.

Na kashe injin, na ba shi benci. Muka ɗaga hannu muka yi wa mutum biyu addu'a. Allah Ya jiƙansu, Ya sa sun huta.