Layar Inna da batirin motata

Muna tsakiyar Djougou aka busa usur na ɗaga tuta. A zamanin juyin juya hali ne, dole kowace mota ta tsaya a kashe inji. Na kashe, alhali na san tsohuwar taksina ba za ta sake tashi ba. Haka fasinjojina suka sauka suka tura, har da wata mai goyo.

Wata biyu ke nan batir ba ya caji. Na canza batir, an kwance dinamo mai cajin batirin an mayar, shiru. Fasinjoji har sun fara gudun motata a tasha.

Da na dawo Parakou na kai ta wurin Baba Isufu, tsohon makaniki a unguwar Banikanni. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, sai ya tsaya inda wayar mas, wadda ta fito daga batir, ke manne da jikin mota.

"Wa ya sa layar nan?"

"Ni ne, Baba. Inna ta ce in ɗaure inda ba za ta faɗi ba."

Ashe fatar layar na matse tsakanin waya da ƙarfe, wuta ba ta wucewa.

Bai yi mini dariya ba. Ya kankare wurin, ya ɗaure ƙusar wayar, ya rataye layar a madubi.

"Nan za ta fi ganin hanya," in ji shi.

Har Inna ta rasu ban gaya mata ba. A cikinku wa ya taɓa ɓoye wa mahaifiyarsa irin wannan?