Malama Liatu da Kwamfutar da Ba Ta da Tarbiyya

Duk mai bi ta unguwar Gwallaga a Bauchi da sassafe ya san Malama Liatu Andrawus, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan da ke saukowa daga keke rungume da jaka da lema, ko da hadari ko babu, ta gaida mai shayi, ta gaida mai gyaran takalmi, sannan ta shige cibiyar horar da ma'aikata, inda ɗakin kwamfuta yake can ƙurya. Takan fara da yaye mayafan da ta ɗinka wa na'urorin da hannunta. Idan babu wuta, ta zagaya baya ta lallashi janareta, wanda kowa ya shaida ba ya jin maganar kowa sai tata. Daga nan sai ta ɗauki kujerarta daga gaban allo, ta kai ta bayan aji ta zauna.

A ƙarshen watan nan Malama Liatu za ta yi ritaya, bayan fiye da shekara ashirin tana koya wa manyan mutane abin da jikokinsu ke yi suna hamma. Ina cikin waɗanda suka zauna a ajinta lokacin da aka ce dole kowane ma'aikaci ya iya kwamfuta, saboda haka abin da zan faɗa na gani ne da idona.

Na taɓa tambayarta dalilin zaman baya. Ta ce, "Hajiya, in na tsaya a gaba na ce kun gane, kowa zai ce ya gane, har da wanda bai kunna tasa ba. A baya kuwa hannu nake gani da kafaɗa. Wanda ya ɓace, kafaɗarsa ce ke fara faɗa mini."

Ɗalibanta ba yara ba ne. Mutane ne masu furfura da muƙami, waɗanda suka fi tsoron a ga kuskurensu da kuskuren kansa. Ranar farko Hajiya A'i, wata babbar jami'a, ta ɗaga maus, ɗan abin nan da ake murzawa a kan tebur, ta nuna wa kwamfuta shi tana dannawa, tana jiran a canza tasha. Kowa a ajin na danne dariya, kodayake rabinmu abin da muke shirin yi ke nan. Malama Liatu ta ƙaraso a hankali ta ce, "Tunaninki daidai ne, Hajiya, haka ake yi da talabijin. Shi wannan malalaci ne, ba ya aiki sai a kwance." Aka yi dariya, amma maus aka yi wa.

Wannan hali nata ne ya jawo Dakta Jalo, wani malamin jami'a mai binciken yadda manya ke koyo da yadda suke mu'amala da na'ura. Ya yi watanni yana zama kusa da ita a bayan aji, suna cin gyaɗa suna musu ƙasa-ƙasa. Shi ya bayyana mata cewa masu bincike sun daɗe da lura mutane kan ɗauki kwamfuta kamar mutum, su ji nauyinta, su ji haushinta. Ita kuma ta riƙa nuna masa irin kamannin da abin ke ɗauka a Bauchi. Suna cikin haka aka kawo Alhaji Mijinyawa.

Alhaji Mijinyawa mutumin unguwar Ƙofar Ran ne a cikin gari, dattijo mai kamala, wanda ya haddace dokokin aikin gwamnati har ana zuwa daga wasu ofisoshi a tambaye shi. Amma tun da aka mayar da jarrabawar ƙarin girma kan kwamfuta, sau biyu yana faɗuwa. Dama ɗaya ta rage masa kafin ritaya. Idan ya sake faɗuwa, Sabitu za a ɗora a kansa, yaron da shi ya koya masa yadda ake rubuta wasiƙar ofis, kuma zai ƙare aikinsa yana tsayawa a ƙofar Sabitu yana neman izinin shiga. Sabitun ma ya fi kowa damuwa. Shi ya riƙo masa jaka har cikin aji, yana cewa, "Malama, ki taimake ni. In aka ce Baba ya kawo mini fayil, wallahi ta taga zan fita."

Malama Liatu ta ba shi jarrabawar gwaji a kwamfutar da ke kusa da taga, ta koma kujerarta. Alhaji ya amsa tambayoyin da yatsa ɗaya, cikin natsuwa, kusan duka daidai. Ya danna maɓallin miƙa amsoshi. Sai wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfuta da tambayar da take yi wa kowa, da Turanci, mai ma'anar "Ka tabbata?" Alhaji ya yi murmushi, ya gyaɗa kai, ya ce a hankali, "Na gode." Ya koma baya ya canza amsoshi da dama. Ya sake dannawa, ta sake tambaya, ya sake komawa. Kafin lokaci ya cika ya rushe duk abin da ya gina.

Ta matso ta ce, "Baba, me ya sa ka koma?"

Ya ce, "Ai ita ta tsayar da ni. 'Yata, na tsufa a ofis. Na ƙasa da kai ba zai taɓa ce maka ka yi kuskure ba. Zai sunkuyar da kai ne ya ce, ranka ya daɗe, ka tabbata? Mai hankali ya san abin da ake nufi. Wannan na'ura taku tana da ladabi, Allah ya yi mata albarka."

Dakta Jalo ya taso da sauri, don ya ga abin da yake karantawa a littattafai zaune a gabansa da babbar riga. Ya ce, "Ranka ya daɗe, haka aka tsara ta. Ba ta san amsarka ba a lokacin. Kowa take tambaya."

Alhaji ya ce, "To ai kowa na kuskure, Dakta."

Washegari Malama Liatu ta shirya masa jarrabawa mai tambaya ɗaya tak: ina ne babban birnin jihar Bauchi? Ya zaɓi Bauchi, ya danna, akwatin ya fito. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya waiwayo, ya rage murya, ya ce, "Malama, ko an yi wata sanarwa ne lokacin da na tafi Umara?"

A nan ne ta gane bayani ba zai yi ba. Kamar yadda ta faɗa wa Dakta Jalo, abin da mutum ya koya da jikinsa shekara da shekaru ba ya fita da magana. Sai ya haɗu da tambayar a wurin da ba ya da shakka ko ƙwayar zarra, ya ga da kansa cewa mai tambayar ba ta san abin da take yi ba. Ta samo dabara, amma ta ji tsoronta. Ita mutuniyar kudancin jihar ce, kuma ta san nauyin wasu maganganu a cikin gari, sai ta ja ni gefe ta nemi shawarata. Na ce mata dabarar za ta yi aiki in Allah ya so, amma ni kusa da ƙofa zan zauna.

Ranar da aka yi, shafi ne kawai ta buɗe masa na rubuta suna, da gurbin sunan mahaifi. Alhaji ya gyara zama. Ya rubuta sunan marigayi Malam Ɗanlarai harafi bayan harafi, yana yi masa addu'a. Ya danna. Akwatin ya fito.

Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake karantawa.

"Malama."

"Na'am, Baba."

"Me ta ce?"

"Ta ce ka tabbata."

"Da me?"

"Da abin da ka rubuta, Baba."

"Sunan ubana na rubuta!"

Ya miƙe tsaye, kujera ta faɗi. "Innalillahi! Ni za ta tambaya? A je Ƙofar Ran a tambayi makaho, da muryata kaɗai zai faɗi ɗan waye! Hancin nan nawa a ina na samo shi, a kasuwar Wunti?" Hajiya A'i ta cusa mayafi a baki. Dakta Jalo ya sunkuya yana neman abin da bai yar ba. Alhaji ya yi ta huci, sannan ya tsaya cak, ya ƙura wa na'urar ido. Ya ce, "Ashe ba ladabi ba ne. Ashe ba ta ma san me take tambaya ba. Aku ce kawai." Ya danna maɓallin amincewa da ƙarfin da sai da teburin ya motsa.

Malama Liatu ba ta ɓoye ba. Ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, ni na shirya wannan, ka yafe mini." Ya dube ta ya ce, "Tashi, 'yata. Ke magani kika ba ni. Laifin na wanda ya rene ta ne."

Ke ce, Malama Liatu, wadda ba ta taɓa kiran ɗalibi daƙiƙi ba. Ke ce mai zama a baya don wasu su wuce gaba, uwar masu tsoron maɓalli. Kin fahimci cewa dattijon da ya kasa ba hankali ya rasa ba. Tarbiyyarsa ya zo da ita wurin da ba a san darajarta ba, sai kika raba shi da kuskuren kika bar masa mutuncinsa. Ke da Dakta Jalo kuka sa aka gyara manhajar gwaji ta cibiyar, yanzu tana faɗa a sarari cewa kowa ake yi wa tambayar, kuma ba ta nufin an yi kuskure. Da ya rubuta sakamakon bincikensa ya sa sunanki kusa da nasa, kika ce shi ke nan, amma gyaɗar gobe shi zai saya.

Alhaji Mijinyawa ya zauna jarrabawarsa ta ƙarshe. Waɗanda ke kusa da shi sun ce da akwatin ya fito, ya ce da ƙarfi, "Na tabbata, marar kunya," har mai sa ido ya yi masa kashedi. Ya ci. Ya ƙare aikinsa a kujerar da ta dace da shi, kuma har ranar da ya bar ofis Sabitu ne ke sallama a ƙofarsa, yana yi da farin ciki.

Ina kira ga malamai, da samarinmu masu tsara manhajoji, su ɗauki wannan hali. Kafin a yanke cewa mutum ba zai iya ba, a tsaya a kalli hannunsa, a tambaye shi me yake zaton na'urar ta ce masa. Amsar kan ba da dariya, amma a cikinta gyaran yake.

Mun gode, Malama. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiya da hutu mai albarka, ya sa 'ya'yanki su ji ƙanki yadda kika ji ƙan iyayen wasu. Alhaji ya aiko ni da saƙo. Ya ce zai zo walimar sallamarki da mutanen gidansa duka, kuma a gaya miki ya yafe wa kowa a ɗakin nan duniya da lahira, ban da kwamfutar da ke kusa da taga.